Ma'anar Adinkra: Alamomin Ashanti da Yara Ke Koyon Tarbiyya da Su

Adinkra suna ne na wasu alamomi da al'ummar Akan ta ƙasar Ghana, musamman Ashantawa, suke bugawa a kan tufafi, kuma kowace alama tana da sunanta da karin maganar da take ɗauke da shi. A harshen Twi na mutanen Akan ana danganta kalmar da sallama ko bankwana, domin tun asali a wajen jana'iza aka fi sa wannan zane. A yau kuwa ana ganin alamomin a ƙofofin gidaje da coci-coci da jikin motocin haya da kujerun roba, har ma a tambarin Jami'ar Ghana.

Tarihin baka yana cewa sunan ya samo asali ne daga wani sarkin Gyaman (tsohuwar masarauta da ke maƙwabtaka da Ashanti) mai suna Adinkra, wanda Sarkin Ashanti Osei Bonsu ya ci da yaƙi a 1818. Sai dai Baturen Ingila Thomas Bowdich ya samu irin wannan zane a Kumasi tun 1817, kuma yana nan ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, abin da ke nuna cewa sana'ar ta riga wancan yaƙi. Wasu masana suna ganin hatimai da layun malaman Musulmi da suka zauna a Kumasi a wancan zamani sun yi tasiri a kan siffar wasu alamomin, kuma hakan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tsohuwar hulɗar fataken goro da ƙasar Ashanti.

Garin Ntonso da ke kusa da Kumasi shi ne cibiyar sana'ar. A can ana sassaƙa alamar a jikin guntun ƙwarya, a kafa mata mariƙi na tsinke, sannan a jiƙa ɓawon itacen da suke kira badie, a daka shi, a yi ta dafawa har ruwan ya yi baƙi ya yi kauri, ya zama tawadar da ake buga alamar da ita. Mai aiki yakan fara ja layuka da wani abu mai kama da mataji, ya raba ƙyallen gida-gida, sa'an nan ya cika kowane gida da alama ɗaya.

Wannan hanya ce iyaye da malamai suka sauƙaƙa wa yara, a Ghana da kuma tsakanin 'yan ƙasar mazauna Ingila da Amurka. Babba yakan yanka siffar a jikin dankali ko soso, yaro ya tsoma a fenti ya buga a takarda ko farin ƙyalle, ya yi katin gaisuwa ko abin ratayawa a bangon ɗaki. Aikin ba ya cin kuɗi, kuma yaron da bai iya karatu ba ma yana iya yinsa.

A ganina, darajar aikin tana wajen zaɓen alamar da bayaninta, domin idan aka bar yaro ya buga siffa ba tare da an gaya masa maganar da ke bayanta ba, ado kawai ya yi. Alamar Akoko Nan siffar ƙafar kaza ce, kuma karin maganarta na cewa kaza takan taka 'ya'yanta amma ba ta kashe su, wato horon iyaye na gyara ne da ƙauna. Funtunfunefu kadoji biyu ne masu ciki ɗaya da suke faɗa a kan abinci, alhali duk abin da ɗaya ya haɗiya cikin nan guda zai shiga. Babu darasin da ya fi wannan dacewa da gidan da 'yan'uwa ke yawan rigima a kan rabo. Dwennimmen ƙahon rago ne, tana koyar da tawali'u tare da ƙarfi, Fihankra kuma gida ne kewayayye mai nuna aminci da zumunci. Sankofa, tsuntsun da ya waiwaya baya, tana cewa ba laifi ba ne mutum ya koma ya ɗauko abin da ya manta, kuma da ita ake sa yara su je su tambayi kakanninsu labarin danginsu.

Ta fuskar imani, wadda ta fi shahara ita ce Gye Nyame, ma'ana "sai dai Allah", wato babu mai iko a kan komai sai Shi. Nyame sunan Mahalicci ne a addinin gargajiyar Akan, kuma Kiristocinsu sun ci gaba da kiran Ubangiji da shi, shi ya sa alamar ta shiga coci ba tare da wata wahala ba. Iyaye Musulmi da ke zaune a zangon Kumasi, waɗanda 'ya'yansu ke haɗuwa da waɗannan alamomi a makaranta da kasuwa, ya kamata su san ma'anar kowace kafin su yarda ko su hana, domin akwai masu magana kan haƙuri da haɗin kai zalla, akwai kuma irin su Nyame Dua, wadda ke wakiltar wurin da ake ajiye hadaya a addinin gargajiya.