Waliyyi Antoni na Paduwa: tambayoyin da ba kwa gajiya da yi mini

Duk ranar Talata bayan Misa sai an tare ni a bakin coci da tambayoyi iri ɗaya. Ga amsoshin a rubuce, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Ɗan Italiya ne?

A'a. A Lisbon ta ƙasar Fotugal aka haife shi a 1195, sunansa na baftisma Fernando. A kusa da Paduwa ya rasu ranar 13 ga Yuni 1231, can kabarinsa yake, kuma ranar ce idinsa.

Sujada kuke yi masa?

Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Roƙonsa muke yi ya sa mu a addu'a, kamar yadda kake roƙon yayarka.

Me ya haɗa shi da kayan da suka ɓace?

An ruwaito cewa yana da littafin Zabura wanda ya cika da bayanai da hannunsa, da shi yake koyarwa. Wani saurayi da ya gaji da zaman 'yan'uwa, wato ƙungiyar masu zuhudu da Antoni yake ciki, ya gudu da littafin. Antoni ya yi addu'a, saurayin ya dawo da shi, ya kuma koma cikin 'yan'uwa. Shi ya sa ake roƙon addu'arsa idan kaya sun ɓace. Dawowar yaron ta fi littafin, amma kullum ita kuke mantawa.

Na yi wa'adin kuɗin burodin talakawa idan wayata ta fito. Ta fito, yanzu ba ni da kuɗin. Yaya zan yi?

To, wannan sai a hankali, don ya danganta da abin da bakinki ya furta. Idan cewa kika yi "in na samu hali," babu abin da ya hau kanki sai halin ya zo. Idan kuwa kin ambaci adadi a gaban Allah da cikakken hankalinki, a ganina wa'adi ne, kuma Littafin Mai Hadishi sura 5 ya ce gara kada a yi wa'adi da a yi a kasa cikawa. Amma sau da yawa maganar firgici ce, mutum na zazzage jaka hannu na rawa, bai ma san me ya faɗa ba. Ban cika lissafa irin wannan a matsayin wa'adi ba, sai dai ba zan yanke miki hukunci daga nesa ba. Ki je wurin Fada na cocinku, dokar Ikilisiya ta ba shi ikon sauƙaƙa wa'adin da mutum ya yi tsakaninsa da Allah. Ke ma kina iya musanya shi da alherin da ya kai shi ko ya fi shi. Na san wata mai tuyar ƙosai da ta biya nata da ƙosai biyar-biyar a leda, duk Talata tana miƙa wa wani tsoho makaho, har adadin ya cika. Abu ɗaya kawai: kada ki ci bashi, kada ki taɓa kuɗin abincin yara. Kuma ki kwantar da hankalinki, Antoni ba zai sa wayar ta sake ɓacewa ba.

An turo mini addu'arsa a WhatsApp, wai in tura wa mutum tara ko masifa ta same ni.

Goge ta. Camfi ne, kuma abin kunya ne a liƙa wa mutumin da Paparoma Pius na 12 ya sa cikin manyan malaman Ikilisiya a 1946.

Da gaske harshensa bai ruɓe ba?

Da aka buɗe kabarinsa a 1263 haka aka tarar. Yana ajiye a babban cocinsa na Paduwa, masu ziyara na ganinsa.

Yana samar wa mutum miji?

A Lisbon suna ƙaunarsa ta wannan fuskar. Duk 12 ga Yuni akan ɗaura auren ma'aurata da yawa a rana ɗaya, dare ya yi a cika tituna da gasasshen kifi da kiɗa. Ki yi addu'arki ta kwana tara, babu laifi. Amma ki aika a binciki halin mutumin da gidansu tukuna.