Dashen tsibiran fankiriyas da matsalar rayuwarsu

Tsibiran fankiriyas wasu ƙananan dunƙulen ƙwayoyin halitta ne a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Paul Langerhans ne ya fara bayaninsu a Jamus a 1869. A ciwon suga nau'i na 1, garkuwar jiki ce ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin, don haka likitoci kan ciro tsibirai daga fankiriyas ɗin mamacin da ya bayar da gudummawar gaɓoɓinsa, su ɗura su ta babbar jijiyar da ke kai jini hanta.

A shekarar 2000 tawagar James Shapiro ta Jami'ar Alberta da ke Edmonton, Kanada, ta sanar cewa majinyata 7 sun daina allurar insulin bayan dashen. Bayan shekara biyar, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka bibiya ba su koma ga allurar ba, kodayake a yawancinsu tsibiran na ɗan aiki.

Babbar asarar tsibiran da aka dasa tana faruwa tun a kwanakin farko. Da zarar tsibiran sun haɗu da jini, sai jinin ya fara daskarewa a kansu, kumburi ya biyo baya. Ga shi kuma an yanke su daga jijiyoyinsu na asali, sababbi ba sa tsirowa sai bayan mako ɗaya ko biyu. A wannan tsakanin ƙwayoyin da ke can tsakiyar dunƙulen kan mutu saboda ƙarancin iskar oksijin. Shi ya sa majinyaci ɗaya kan buƙaci tsibiran mutum biyu ko uku. Su ma magungunan danne garkuwar jiki da ake ba majinyaci don kada jikinsa ya ƙi dashen, irin su takrolimus, suna cutar da tsibiran da ƙoda.

Don rage asarar, ana ba da heparin saboda daskarewar jini, da etanercept saboda kumburi. Ana gwada wasu wuraren dashe ban da hanta, kamar shimfiɗar kitsen da ke rufe hanji. Akwai kuma lulluɓe tsibiran da aljinet, wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku, don kare su daga garkuwar jiki, dabarar da aka fara gwadawa a kan ɓeraye a 1980. Matsalarta ita ce jiki kan kewaye lulluɓin da tabo, ya toshe hanyar iska.

A watan Yunin 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Lantidra, maganin tsibirai na farko, ga manya masu fama da mummunar faɗuwar suga a kai a kai.