Kwanrod na Alminiyam da Ajiyar Injin Tsere a Lokacin Sanyi

Kwanrod shi ne sandan da ya haɗa fistin da karanshaf a cikin inji. Shi ke karɓar bugun da ƙonewar mai ke yi wa fistin, ya miƙa wa karanshaf ya zama juyi. A motocin yau da kullum da baƙin ƙarfe ake ƙera shi. A tseren miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kwatan mil kuwa, wanda ya yi fice a Amurka, an fi son na alminiyam, galibi samfurin alminiyam mai lamba 7075 ko 2014, domin ba shi da nauyi, kuma yana shanye wani kaso na bugun kafin ya kai ga metal, wato shimfiɗar ƙarfe mai santsi da ke tsakanin kwanrod da wuyan karanshaf. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, tsere kan tsaya na watanni, injin ya yi ta zama a gareji mai sanyi, kuma wannan zaman yana da tasiri a kan kwanrod.

Sanyin kansa ba ya raunana alminiyam. Wasu nau'o'in baƙin ƙarfe suna rasa juriya idan sanyi ya tsananta, su karye farat ɗaya kamar gilashi, amma tsarin ƙwayoyin alminiyam bai da wannan halin. Ƙarfinsa ma ɗan ƙaruwa yake yi. Shi ya sa ake ƙera tankunan roka masu ɗaukar iskar oksijin da aka mayar ruwa da alminiyam. Zafi ne ke cinye ƙarfin 7075, musamman idan ya daɗe sama da digiri 150 a ma'aunin Salshiyas. Ɓarnar ajiyar sanyi ta wasu hanyoyi take shigowa: tsukewa, danshi, da tashin farko bayan dogon hutu.

Tsukewa

A kowane digiri ɗaya, alminiyam yana miƙewa ko tsukewa da kusan kashi 23 cikin miliyan na tsawonsa, baƙin ƙarfe kuwa kusan 12. Kwanrod na alminiyam ne, amma duk abin da ke jikinsa na ƙarfe ne: karanshaf, fil ɗin fistin, notunan ɗauri, da bayan metal.

A ɗauki babban ramin kwanrod mai faɗin milimita 59, wanda aka auna a digiri 20. Idan gareji ya sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, ramin zai tsuke fiye da wuyan karanshaf da kusan milimita 0.026. Ratar mai da ake bari a nan takan kama daga 0.06 zuwa 0.09, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyar mai ya rufe. A ƙaramin ramin ma haka abin yake, kuma can ya fi haɗari, domin sau da yawa fil ɗin kai tsaye yake juyawa a jikin alminiyam ba tare da bushin ba. Fil mai kaurin milimita 25 yana rasa kusan 0.011 daga ratar da dama ba ta wuce 0.04 ba.

A notuna lamarin juyewa yake. Noti yana riƙe murfin kwanrod ne saboda an ja shi ya miƙe, yawanci da milimita 0.13 zuwa 0.15. Idan alminiyam ɗin da ke ƙarƙashinsa ya tsuke, riƙon yana raguwa da kashi goma cikin ɗari ko ɗan fiye. Duk wannan yana komawa daidai idan ɗumi ya dawo. Inji da ke zaune shiru bai damu da tsukewa ba. Wanda aka tayar aka taka masa wuta yana cikin wannan hali shi ne ke cin metal ko ya maƙale fil.

Danshi

Nan ne babbar asara take, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Gareji yana ɗumama da rana ya huce da dare, sai raɓa ta taru a cikin bulok, ta kwanta a jikin kwanrod. Injinan da ke shan metanol a madadin fetur sun fi shan wahala, domin metanol yana zuƙar ruwa daga iska, kuma yana gangarawa ya gauraya da baƙin mai har ya yi fari kamar madara. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe a cikin danshi, alminiyam ne ke cinyewa: a ƙarƙashin kan noti, cikin zare, da gefen ramin fil. Alamarsa farin gari ne, idan aka goge sai a ga ƙananan ramuka kamar tsinin allura.

Waɗannan ramukan ba abin rainawa ba ne. Alminiyam ba shi da iyakar da gajiya ke tsayawa; kowane juyi yana rage masa kwana, shi ya sa ake lissafa rayuwar kwanrod da yawan gudun da ya yi, a sauke shi kafin ya karye. Rami ɗaya a kafaɗar kwanrod ya isa ya zama mafarin tsaga. Ƙari a kan haka, 7075 da aka ƙarfafa da gashin wuta mai lamba T6 sananne ne da tsagewa idan matsi mai ɗorewa ya haɗu da danshi, kuma noti a ɗaure matsi ne mai ɗorewa.

Yadda ake ajiya da tashin farko

Bayan tseren ƙarshe, a juye baƙin mai tun yana da zafi, a zuba sabo, a zagaya shi da famfo. A tsiyaye metanol daga bututu, a fesa man kariya cikin silinda, a toshe mashigar iska da salansa. Filayen tsere da yawa sun hana sinadarin hana daskarewa, don haka ruwa zalla ne a inji. Idan aka manta ba a tsiyaye shi ba, zai daskare ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari ya fasa bulok.

Masu haɗa inji sun rabu a kan sassauta notunan kwanrod lokacin hutu. Wasu suna yi domin alminiyam ya huta daga matsi, wasu suna ganin yawan kwancewa da ɗaurewa na cin zare. Umarnin wanda ya ƙera kwanrod ɗin shi ne abin bi. Wanda ya sassauta ya rataya takarda a jikin inji, kada a tayar da shi a haka.

Idan an kwance, a bar kayan su kwana a ɗaki mai digiri 20 kafin awo, in ba haka ba ma'auni zai yi ƙarya. Gwajin neman tsaga da maganaɗisu ba ya aiki a alminiyam. Jan rini mai shiga tsaga ake shafawa. A auna zagayen babban rami da tsawon kowane noti, a kwatanta da awon da aka rubuta yana sabo, a yar da wanda ya miƙe bai dawo ba. Ranar tashi kuma, a ɗumama baƙin mai a kaskon inji zuwa wajen digiri 50 ko 60, a tura shi har ma'auni ya nuna matsi, sannan a kunna, a bar injin yana tafiya a hankali har zafi ya ratsa kwanrod kafin a taɓa totur.