Ma'anar "Awar Tashi" a Albashin Ma'aikatan Cikin Jirgin Sama

Kamfanonin jiragen sama da yawa, musamman na Amurka da Kanada, suna lissafa albashin ma'aikatan cikin jirgi ne da awa, kuma adadin yakan burge mai neman aiki idan ya gan shi a takarda. Sai dai awar da ake nufi ita ce awar tashi, wato lokacin da ake fara ƙidayawa daga sa'ad da aka rufe ƙofa, aka cire waigin da ke tokare da tayoyi, jirgi ya motsa daga inda yake fake, har zuwa sa'ad da ya sauka ya tsaya cak.

Abin da wannan lissafi ya bari a waje ba ƙarami ba ne. Kafin fasinja na farko ya shigo, ma'aikaciya ta riga ta halarci taron bayani da shugaban tawagarta, ta duba rigunan ceto da tukwanen iskar shaƙa da na kashe gobara. Daga nan za ta tsaya tana tarbar mutane, tana taya dattijo ɗaga jakarsa, tana sasanta waɗanda suka yi saɓani kan kujera. Idan hadari ya tsayar da jirgi a ƙasa, zaman jiran ma a kanta yake. Ta haka mutum zai wuni awa 12 cikin kayan aiki, a biya shi kuɗin awa 7 ko 8. Ba kuma abu ne mai sauƙi ya cike giɓin da yawan tashi ba, domin a Amurka yawanci awa 75 zuwa 100 ake tashi a wata, a Tarayyar Turai kuwa doka ta hana wuce awa 100 cikin kwana 28, ko awa 900 a shekara.

Kamfanonin suna kare kansu da cewa an riga an cusa ladan aikin da ake yi lokacin da jirgi yake ƙasa cikin kuɗin awar, hujjar da, a ganina, ba ta yi wa sabon ma'aikaci adalci ba, tunda shi ne ake jibga wa gajerun tafiye-tafiye masu yawan lodi da saukewa. An dai fara samun sauyi. A 2022 kamfanin Delta ya fara biyan rabin kuɗin awa a lokacin shigar fasinjoji, American Airlines ya bi sahu a yarjejeniyar 2024, sannan a watan Agustan 2025 ma'aikatan Air Canada kimanin 10,000 suka shiga yajin aiki, kuma wannan batu na cikin manyan ƙorafe-ƙorafensu.

Kamfanonin yankin Gulf irin su Emirates kuwa tsarinsu daban ne: suna haɗa tsayayyen albashin wata da kuɗin awar tashi, da alawus na kwana a wata ƙasa, da masauki kyauta.

Ci gaba a aikin ya rataya ne a kan daɗewa, musamman inda ƙungiyoyin ƙwadago suke da ƙarfi. Sabon shiga yakan fara da zaman jiran kira, ba ya sanin inda za a tura shi gobe, yayin da wanda ya daɗe yake zaɓar dogayen tafiye-tafiye masu tara awa da yawa a tashi guda, kuma daga cikinsu ake naɗa shugaban tawaga ko mai horarwa. Wanda ya koma wani kamfani kuwa, galibi daga ƙasan layi zai sake farawa.