Fadamar tace ruwan ƙazanta

Fadamar tace ruwan ƙazanta rami ne mai faɗi, marar zurfi, da ake cikawa da tsakuwa a dasa ciyawar ruwa a kai, domin ruwan masai da na wanka da na wanke-wanke ya ratsa ta ciki ya fito da sauƙin datti. Masaniyar tsirrai Käthe Seidel ce ta fara gwada dabarar a Jamus a shekarun 1950. In wurin yana da gangare, fadamar ba ta buƙatar lantarki ko magani. Kuɗinta wajen samun fili da haƙa da tsakuwa yake tafiya.

Ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu manne a jikin tsakuwa da saiwoyi, su ke cinye yawancin dattin. Ciyawar, kamar kacala ko jema, masauki take ba su, ta kuma kai musu ƴar iska.

Ruwan yakan fara kwana biyu ko uku a rufaffen ramin siminti, kauri ya kwanta. Daga nan ya shiga fadamar, mai zurfin kamar santimita 60, wadda gindinta ke sauka santimita ɗaya a kowace mita. Ana shafe gindin da yumɓu a daddale, ko a shimfiɗa leda mai kauri, don kada ƙazanta ta bi ƙasa ta kai ga rijiyoyi. A bakin shiga da na fita ana jera manyan duwatsu. A Turai akan ware wa kowane mutum kamar murabba'in mita 5; a ƙasashe masu zafi ƙasa da haka na isa, don zafi yana hanzarta ruɓewa.

Babban ciwonta toshewa. Tsakuwar da ba a wanke ba, ramin farko da aka bari ya cika ba a kwashe ba, leda da rairayi, duk suna cushe ƙofofin da ruwa ke bi. Alamar ba ta ɓuya: ruwa ya taso ya kwanta a sama, wari ya tashi, sauro ya samu gida. Shi ya sa ake riƙe ruwan santimita 5 zuwa 10 ƙarƙashin fuskar tsakuwa.

A Damagaram, inda yawancin gidaje salga gare su kuma ruwan wanka kan bi lungu ya gangara tabki, fadamar ta fi dacewa da wurin da ruwan ke taruwa a bututu ɗaya: makarantar kwana, asibiti, babban masallaci. Da bazara ciyawar na shan ruwa ƙwarai, abin da ke fita ya ragu, gishirinsa ya ƙaru. In aka daɗe da ɗauke ruwan famfo kuwa tana iya bushewa. Shinge dole ne, don awaki ba sa barin ɗanyen haki da rani. Ruwan da ya fito ana ba itatuwa da ciyawar dabbobi. Ba a sha, ba a kuma ban-ruwan salati ko wani ganyen da ake ci ɗanye da shi, don ba duk ƙwayoyin cuta ke mutuwa a ciki ba.