Ƙa'idar bubbuga bakin walda, abin da ta yarda da abin da ta hana

Masu walda na Sabon Gari da masu gyaran tirela a Kwangila sun san wannan, shasi ko ƙafar tanka ba kasafai take karyewa a tsakiya ba, galibi daga bakin walda take fara tsagewa, daidai inda ɗinkin ya haɗu da farantin. Dalili kuwa, in walda ta huce tana jan ƙarfen da ke gefenta, to ga wannan jan ga kaya ana ɗorawa ana saukewa dare da rana, sai ƙarfe ya gaji.

Maganin da aka samo tun zamanin Tarayyar Sobiyat shi ne wata na'ura mai ƴan allurai na ƙarfe, tana karkarwa wajen sau 20,000 a sakan ɗaya, a bi bakin waldar da ita tana duka har ta bar ɗan kwari mai santsi da bai kai milimita ɗaya zurfi ba. Dukan nan yana matse wurin, jan ya koma matsi, tsaga kuma ba ta iya buɗe baki a inda aka matse.

A 2016 Cibiyar Walda ta Duniya, IIW, ta fitar da ƙa'idar aikin. Ba dokar kotu ba ce fa, amma da zarar injiniya ya sa ta a takardar kwangila ta hau kanka. Ta ce kaurin faranti daga milimita 5 zuwa 50, ƙarfin ƙarfen kuma daga 235 zuwa 960 a ma'aunin MPa. In ka cika sharaɗi za a ɗaga darajar waldar wajen jure gajiya da mataki 4 a ƙarfe na gama-gari, har mataki 8 a mai ƙarfi sosai.

Inda nake so mu kula shi ne abin da ta hana. Bakin walda kawai ƙa'idar ta shafa, in cikin ɗinkin bai kama ba wallahi ko ka wuni kana duka daga can zai tsage. Dole a duba waldar a gyara aibinta tukuna. Bayan duka kuma ba a gasa wurin da wuta, zafi yana sakin matsin. Lodi ma haka, in ya haura kashi 80 cikin 100 na abin da ƙarfen ke iya ɗauka kafin ya lanƙwashe, ribar ta tafi, kuma mun san yadda ake lafta wa motoci kaya a hanyar Kaduna zuwa Kano. Mai motar da zai yi obalodi gara ya ƙara kaurin ƙarfe tun farko.