Waiwaye: Ƙudan da Ya Koya wa Masana Yadda Ake Tsira Daga Ƙanƙara

A shekarar 1898, ƙanƙara ta ritsa da jirgin ruwan nan na Beljiyam mai suna Belgica a tekun Antaktika, ya shafe fiye da shekara guda bai motsa da kansa ba. Cikin mutanen jirgin akwai wani masanin halittu ɗan Romaniya, Emil Racoviță, kuma a cikin abubuwan da ya tsinto a wannan tafiya akwai wani ɗan baƙin ƙuda marar fiffike. A 1900 aka raɗa masa suna Belgica antarctica. Tsawonsa bai wuce milimita 6 ba, amma duk nahiyar Antaktika babu wata halitta 'yar asalin wurin da ke rayuwa a tudu kaɗai da ta kai shi girma.

An daɗe da sanin ƙwari na jure sanyi. Tun a shekarun 1730 Bafaranshe Réaumur ya ga tsutsa ta daskare ta kuma farfaɗo. Sai dai yadda hakan ke faruwa ya zauna a duhu har zuwa ƙarshen shekarun 1950, lokacin da Reginald Salt a Kanada ya nuna rawar da sinadarin giliserol ke takawa wajen kare jikin ƙwari daga sanyi. Daga aikinsa aka raba su gida biyu: masu hana ruwan jikinsu daskarewa, da masu barin ya daskare su kuma rayu. Abin da kowa ya ɗauka a lokacin shi ne ƙwaro yana buƙatar makonni yana shiri kafin hunturu.

Wannan fahimtar ce ta sauya a 1987. Richard Lee na Jami'ar Miami da ke jihar Ohio, da David Denlinger na Jami'ar Jihar Ohio, tare da abokin aikinsu Chen, sun ɗauki wani nau'in ƙudan nama suka jefa shi kai tsaye cikin sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri. Mafi yawa suka mutu. Suka ɗauki wasu suka fara ajiye su a sifiri na kamar awa biyu, sannan suka kai su wancan sanyin. Mafi yawa suka rayu. Awa biyu kacal! A ganina wannan gwaji ya fi manyan bincike da yawa daraja, domin ya nuna cewa jikin ƙwaro yana bin sauyin yanayi awa bayan awa, daga la'asar zuwa asuba. Daga baya aka tarar da wannan dabara a ƙwari iri-iri.

Denlinger, wanda ya taɓa nazarin ƙudan tsando a Nairobi a shekarun 1970, ya haɗa kai da Lee suka nufi tashar bincike ta Amurka mai suna Palmer, a tsibirin Anvers na Antaktika, don nazarin ƙudan nan Belgica antarctica. Aikin can ba na ƙawa ba ne. Mutum zai durƙusa a kan duwatsu kusa da mazaunin tsuntsayen fenguwin, cikin warin kashinsu, yana ɗaga gansakuka da yatsa har ya ga tsutsotsin sun dunƙule a ƙarƙashi. A nan tsutsotsin suke shafe kusan shekara biyu. Idan sun rikiɗe sun zama ƙudaje, kwana bakwai zuwa goma ne rabonsu a duniya: su yi barbara, su saka ƙwai, shi ke nan.

Abin da aka gano a jikin tsutsar nan yana da ban mamaki. Tana iya rasa kashi 70 cikin ɗari na ruwan jikinta, ta yamutse kamar busasshen ganye, da ta samu danshi kuma ta miƙe. Bushewar ma kariya ce, don inda babu ruwa ƙanƙara ba ta samun abin da za ta kama ta yayyaga ƙwayoyin jiki. A 2006 kuma aka nuna cewa furotin ɗin da sauran halittu ke fitarwa sai in sun shiga matsi, ita kullum a kunne yake a jikinta, kuma bai hana ta girma ba. A 2014 aka karance kundin gadon halittarta, aka same shi da haruffa miliyan 99 kawai, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a ƙwaro a wancan lokaci. Na ɗan Adam ya haura biliyan 3.

Duk da wannan juriya, sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri yana gab da iyakarta. Dusar ƙanƙarar da ke lulluɓe ta ce bargonta.

Nan ne hankalina ke tashi. Yankin da take zaune ya ƙaru da zafin kusan digiri 3 a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Wani gwaji da aka wallafa a 2022, daga ɗakin binciken Nicholas Teets, tsohon ɗalibin Denlinger, ya nuna cewa tsutsotsin da suka yi hunturu mai ɗan ɗumi sun fi mutuwa, waɗanda suka tsira kuma sun ƙone abincin da suka tara a jiki. Ga kuma baƙi: a tsibirin Signy da ke yankin Antaktika, wani ƙuda ɗan'uwanta, Eretmoptera murphyi, ya shigo daga tsibirin South Georgia a shekarun 1960 cikin ƙasar tsirran da masu bincike suka dasa, yanzu kuma yana sauya yanayin ƙasar wurin.